Daga Kannabis Zuwa Kambas: Doguwar Tafiyar Kalma Ɗaya a Harsunan Turai

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan fili ne namu na bin sawun kalmomi, inda muke ɗauko kalma guda mu tambaye ta garinsu da wuraren da ta yada zango kafin ta iso kunnenmu.

Yau da takalmi za mu fara. Hajiya, wane takalmi kike wanke wa yaro ranar Lahadi ki shanya a kan katanga saboda makarantar Litinin? Kambas. Ɗan makaranta ya san shi, ɗan ƙwallo ya san shi, mai bautar ƙasa ya san shi. To wannan kalma ta kambas, da kalmar kannabis wadda likita da alƙali suke rubutawa a takarda idan suna nufin tabar wiwi, tsatsonsu ɗaya. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. A ara mini kunne na ɗan lokaci. Hanyar tana da nisa, amma sawun bai ɓace ba.

Tsohon rubutun da masana suka fi kafa hujja da shi a kan wannan kalma na wani Bagirke ne mai suna Hirodotus, wanda ya rubuta littafinsa na tarihi wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. A kashi na huɗu na littafin ya ba da labarin Sikitiyawa, wasu makiyaya mahaya dawaki da ke zaune arewa da Bahar Aswad, inda Yukiren da kudancin Rasha suke a yau. Ya ce akwai wani tsiro a ƙasarsu, yana fita da kansa a daji, ana kuma shuka shi, sunansa kannabis. Abu biyu ya faɗa a kansa. Na farko, maƙwabtansu Tirasiyawa, mutanen yankin Bulgariya ta yanzu, suna saƙa tufafi da zarensa, masu kyan da baƙo ba zai iya bambanta su da lilin ba. Na biyu, idan Sikitiyawa suka dawo daga jana'iza, sai su kafa sanduna uku su lulluɓe da bargon ulu, su sa jajayen duwatsu masu zafi a ciki, su watsa ƙwayar tsiron a kai, hayaƙi ya turnuƙe, su yi ta ihu don nishaɗi.

An daɗe ana yi wa Hirodotus kallon mai ƙara wa miya gishiri. Sai ga shi tsakanin 1947 da 1949 wani masanin kayan tarihi ɗan Rasha, Sergei Rudenko, ya tona wasu kaburbura a Pazirik, cikin duwatsun Altai, waɗanda ƙanƙara ta adana fiye da shekara 2,000. A ciki ya tarar da sandunan ɗan ƙaramin tanti, da kasko na tagulla cike da duwatsu, da ƙonannun ƙwayoyin wannan tsiro. Tsohon bai yi ƙarya ba.

Ku riƙe wannan a zuci, domin shi ne ƙashin bayan shirin yau: tun ranar farko da kalmar ta shiga takarda, ma'ana biyu take goye da su, tufa da hayaƙi. Kuma ko a Girkanci baƙuwa ce. Akasarin masana harshe suna ganin Girkawa aro ta suka yi daga waɗancan Sikitiyawa ko Tirasiyawa. 'Yan uwanta suna nan birjik a gabas: kunnabu a allunan yumɓu na Assuriyawa, kanab a Farisanci, ƙinnab a Larabci. Kalma ce irin ta fatake, ta bi kaya daga kasuwa zuwa kasuwa.

Rumawa suka karɓe ta daga Girkawa ba tare da sun taɓa ta ba, kannabis dai a harshen Latin. Da Latin ya haifi 'ya'yansa, kowane ɗa ya lanƙwasa ta yadda bakinsa ya saba. Mutumin Italiya ya ce kanapa. Mutumin Sipaniya ya ce kanyamo, na Fotugal ma kusan haka. Mutumin Romaniya ya ce kanepa. A ɓangaren gabas, Barashe yana cewa konoplya, mutumin Folan konopye, mutumin Lituweniya kanape. Duk wanda ya kasa kunne zai ji ka, da na, da pa ko ba, suna bin juna kamar raƙuman ayari.

Faransanci ne ya ɗan sauya kama. Masu saurarenmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san kalmar chanvre, wadda ake furtawa kamar shanvar. Ina ka ta tafi? Ai haka Faransancin birnin Paris ya yi wa ka ta Latin da ke farkon kalmomi irin waɗannan: kantare, wato rera waƙa, ta koma shante; kampus, wato fili, ta koma shan; kaballus, wato doki, ta koma shaval. Kannabis ta bi layi ita ma.

To amma inda labarin ya fi daɗi shi ne arewacin Turai. Baturen Ingila yana kiran wannan tsiro hemp. Bajamushe ya ce hanf. Mutumin Holan ya ce hennep, na Suwidin hampa, na Danmak hamp. Wanda ya ji hemp ya ji kannabis zai rantse babu dangantaka. Akwai kuwa, ta jini ma.

Kafin in kai ku Jamus, bari mu tsaya a gida mu ɗauki misali. Bakano yana cewa zauna, Basakkwace ya ce zamna. Bakano ya ce sauro, Basakkwace ya ce sabro. Aure da amre. Auduga da abduga. Kun ga abin bai tsaya a kalma ɗaya ba. Sauyi ne da ya bi ƙa'ida, ya kama kalmomi masu irin wannan gini ya juya su gaba ɗaya, kuma na Sakkwato shi ne tsohon furucin. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan ƙa'ida ta Hausa wajen 1928, har yau ɗaliban Hausa a jami'a da sunansa suke kiranta.

Irin wannan ne ya faru a bakin kakannin Jamusawa da Ingilishi da mutanen Suwidin, tun suna al'umma ɗaya mai harshe ɗaya, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Sautin ka ya koma ha. Sautin ba ya koma pa. Rasmus Rask ɗan Danmak ya lura da hakan a 1818, Jacob Grimm ya tsara shi dalla-dalla a 1822, shi ya sa ake kiran ƙa'idar da sunan Grimm. Ku ji misali. Ƙaho a Latin kornu ne, a Ingilishi da Jamusanci horn. Kare a Latin kanis, a Jamusanci hund. Leɓe a Latin labiyum, a Ingilishi lip. Yanzu ku ɗauki kannabis ku mayar da ka ɗinta ha, ku mayar da ba ɗinta pa. Me ya fito? Hanap. Daga nan tsohon Ingilishi ya sami hanep, wasalin tsakiya ya faɗi, aka wayi gari da hemp.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wannan harafi guda ya zama kamar hatimin kan iyaka a jikin fasfo, yana nuna lokacin da baƙon ya shigo. Kalmomin da Jamusawa suka aro daga Rumawa daga baya, bayan guguwar sauyin ta wuce, ka ɗinsu tana nan daram. Sunan Kaisar, sarkin Rum, ya shiga Jamusanci ya zauna a matsayin Kaiza, bai koma Haiza ba. Tunda kuwa kannabis ta koma hanf, to ta riga sauyin shiga gida. Ma'ana, manoman arewacin Turai sun san tsiron da sunansa tun kafin su yi ido biyu da sojan Rum, tun kafin su san alƙalami. Babu wanda ya rubuta wannan tarihi, kalmar ce da kanta ta ba da shaida. Daga bakin waɗannan mutane kuma mutanen Finlan suka sake aronta, suka ce hamppu.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Masu jin Faransanci sun san kanape, doguwar kujerar falo. Kunne zai ce 'yar uwar kanapa ce ta Italiya. Ko kusa. Ita daga kalmar Girkanci ta sauro ta fito, asalinta gado ne mai gidan sauro. Shi ya sa masana ba sa yarda da kamannin sauti kawai sai sun ga ƙa'ida ta goyi baya.

To ina kambas ɗinmu? A arewacin Faransa, yankin Nomandi da Pikadi, mutane ba su bi Paris wajen mayar da ka zuwa sha ba. Yadi mai kauri da aka saƙa da zaren wannan tsiro suna kiransa kanevas. Nomandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransancinsu ya zama harshen fada da kasuwa, kalmar ta haye teku ta zama kanvas a Ingilishi. Bayan ƙarnuka Ingilishi ya zo ƙasar Hausa da takalmin da aka ɗinka da irin wannan yadi. Bahaushe ba shi da va, sai ya mayar da ita ba, na kuma ta koma ma a gabanta, kamar yadda muke yi kullum. Kambas. Ku duba ikon Allah: waccan ba ta kannabis da Faransawa suka mayar va, bakin Bahaushe ya dawo da ita mazauninta bayan shekaru aru-aru. Yau dai yawancin yadin kambas da auduga ake yin sa, suna kawai ya rage.

Ingilishi ke nan ya karɓi baƙo ɗaya sau uku ta ƙofa uku: hemp daga kakanni, kanvas daga Faransawa, kannabis daga littattafan masana.

Mu koma kan ma'ana. A cikin waɗancan abubuwa biyu da Hirodotus ya ambata, tufa da hayaƙi, Turai ta ɗauki na farko ta yi kusan shekara 2,000 a kai. Irin da ake nomawa a can dogo ne mai yawan zare, sinadarin da ke bugarwa kaɗan ne a jikinsa. Dioskoridis, likitan Girka na ƙarni na ɗaya, ya ambace shi a matsayin tsiron da ake tufka igiya mai ƙarfi da shi, ya kuma ce ruwansa na maganin ciwon kunne. Ana yanke karan a jiƙa a ruwa har ya ruɓe, a ɓare zaren, a tufka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fitar da igiyar rama ya ga aikin.

Jirgin ruwa na wancan zamani kuwa ba shi da inji. Ƙyalle ake ɗaura masa iska ta tura, igiyoyi su riƙe, kuma wannan zare yana cikin waɗanda suka fi jure ruwan gishiri. Ƙasar da ba ta da shi ba ta da rundunar ruwa. A 1533 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya kafa doka cewa duk mai gonar da ta kai eka 60 sai ya ware rubu'in eka ya shuka wannan tsiro ko na lilin. A Rochefort ta Faransa an gina gidan tufkar igiya na sarki tun daga 1666, tsawonsa mita 374, yana nan har yau. Babban titin birnin Marsey mai tashar jiragen ruwa sunansa Kanebiyer, daga kalmar mutanen kudancin Faransa ta wannan tsiro, saboda masu igiya da suka yi sana'a a wurin. Ni kam duk sanda na tuna wannan sai in tuna cewa jiragen da suka yi jigilar bayi daga gaɓar Afirka da irin wannan igiya aka ɗaure su. Tarihin kalma ba koyaushe yake da daɗin ji ba.

Har reshe ta yi zuwa wuraren da ba a zata ba. A Italiya kanovacco tsumman goge kwano ne, kuma shi ne sunan ƙwarangwal ɗin labari da 'yan wasan kwaikwayo suke ɗora maganarsu a kai, kamar yadda mai ɗinkin hula yake bin zane. A Jamus akwai ɗan tsuntsu mai son cin ƙwayar tsiron, sunansa henfilin, daga hanf. A duk waɗannan babu maye ko ɗaya.

Yaushe hayaƙin ya dawo? Ta ƙofar gabas ya shigo. Tun ƙarni na 13, Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai haifaffen Malaga ta Andalus wanda ya rasu a Dimashƙu a 1248, ya rubuta cewa ya ga wani iri a Masar ana ce masa ƙinnab hindi, wato na Indiya, mai gusar da hankali, jama'a na kiransa hashisha. A 1753 Carl Linnaeus ɗan Suwidin ya raɗa wa tsiron sunan kimiyya Cannabis sativa, sativa na nufin wanda ake shukawa. A 1785 Lamarck na Faransa ya ware irin Indiya ya kira shi Cannabis indica. Sojojin Napoleon suka shiga Masar a 1798 suka tarar da hashish. A 1839 wani likita ɗan Ailan da ke aiki a Kalkata, William O'Shaughnessy, ya wallafa gwajin da ya yi da shi a kan marasa lafiya, kalmar kannabis ta shiga kantin magani na Turai. Daga kanti ta wuce kotu. Yarjejeniyar Janiba ta 1925 ta sa irin na Indiya cikin abubuwan da ake sa wa ido a duniya, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kuma da sunan kannabis ta kira shi. A Amurka dokar 1937 ta zaɓi wata kalma daban, mariwana, daga Sifaniyancin Mekziko.

Daga nan aka raba gado. Tsohuwar kalmar gida, hemp da hanf da chanvre da kanapa, ta zauna wa igiya da yadi da takarda da mai. Kalmar littafi, kannabis, ta koma ta likita da ɗan sanda. Tagwaye ne, ɗaya ya zama manomi, ɗaya yana kwana a kotu. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware sinadarin da ke bugarwa, wanda ake taƙaita sunansa da THC, kuma da shi ake auna iyakar a yanzu. A Tarayyar Turai, irin da manomi zai noma don zare bai kamata THC ɗinsa ya wuce kashi 0.3 cikin 100 ba.

Mu ma wannan rabo ya iso mu ta hannun masu mulkin mallaka. Dokar soja ta 1966 a Nijeriya da sunan Indian hemp ta kira wiwi, a Nijar kuma labaran Faransanci chanvre indien suke cewa. Duka biyun fassarar abu ɗaya ce da Ibn al-Baiɗar ya ji a Masar. Ga kuma ramarmu ta kwaɗo. Linnaeus ya sa mata suna Hibiscus cannabinus, wato mai kama da kannabis, saboda tsagin ganyenta, Turawa kuma suna ce mata kenaf, daga waccan kalma ta Farisanci, kanab. Kada hankalin kowa ya tashi. Rama 'yar uwar yakuwa ce, ba dangin wiwi ba ce, ba ta bugarwa. Sunan kawai aka ara mata.

Wani abu da na lura da shi, kuma ya dame ni, shi ne masu shan abin a ko'ina ba sa son kiransa da sunansa. Hashish a Larabci busasshiyar ciyawa ce. Bajamushe ya ce gras, Bafaranshe ya ce erb, duka ciyawa. Namu yaran su ce ganye. Kowa yana neman suna mai sanyi ya lulluɓe abin da shi. Yanzu kuma an juya, ana neman suna mai ƙyalli. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya tana yawan ba da sanarwar kama wasu nau'o'i da ake kira Laud da Kolorado, sunayen da ke sa yaro ya ji kamar ya waye. Wani ya buɗe waya ya ga Jamus ta sassauta dokarta a ranar 1 ga Afrilu 2024, ya ga man shafawa da riga an rubuta hemp a jiki, sai ya ɗauka ai Turawa ma sun ce ba komai. Rigar zare daban, abin da ake naɗawa a takarda a bayan tasha daban. Sassaucin Jamus na manya ne, da iyaka da sharuɗɗa, kuma bai shafi dokar Nijeriya ko ta Nijar ba, inda noma ta da sayar da ita da shan ta duk laifi ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 10.6 a Nijeriya sun sha wiwi a cikin shekara guda. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun tabbatar cewa wanda ya fara da ƙuruciya, yake sha kullum, musamman irin mai ƙarfin THC, ya fi shiga haɗarin kasa dainawa da na taɓin hankali.

Don haka iyaye, in kun ga kannabis ko THC a jikin kwalba ko alewa ko ɗan bututun hayaƙi a ɗakin yaro, ku sani wiwi ce aka sauya wa riga. Ku zauna da shi ku yi magana kafin ku ɗaga murya. Ƙanena da kake saurare kana kuma sha, in ka yi ƙoƙarin bari abin ya faskara, je asibiti mafi kusa ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Aikinsu ne, kuma ana samun sauƙi.

Nan za mu dakata a yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)